Kundin Ƙa'ida da Darasin Falsafa: Wanne Injiniya Zai Jingina da Shi?

A tsangayoyin injiniya na jami'o'inmu da wuya a sami darasin da ɗalibai suka raina kamar na falsafa da manɗiƙi, wanda ake haɗa musu cikin kwasa-kwasan gama-gari na GST. A babban ɗakin taro ake yin sa, ɗalibai ɗaruruwa, malami ɗaya, lasifika tana shaƙewa. Ana saura mako guda jarrabawa sai a nemo tsofaffin tambayoyi a haddace, a ci, a manta. Idan ka tambayi ɗalibi dalilin wannan raini, amsarsa a bakinsa take. Shi gada zai gina, kuma duk abin da zai sa gadar ta tsaya an riga an rubuta shi a kundin ƙa'idojin sana'a: kaurin rodi, yawan siminti, zurfin tushe, nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. To me Aristo zai ƙara masa?

Tambayar ba ta wauta ba ce, don haka ya kamata a ɗora abubuwan biyu a sikeli da gaske. A gefe guda ga kundin ƙa'ida, wanda ke faɗa wa injiniya abin da zai yi. A ɗaya gefen ga falsafa, wadda ba ta ba shi ko lamba ɗaya, sai dai ta koya masa tuhumar hujja, da bin diddigin abin da aka ɗauka tamkar tabbas, da tambayar wa zai amfana wa zai cutu.

Kundin ƙa'ida ya cancanci girmamawa fiye da yadda masu son falsafa ke ba shi, domin da rayukan mutane aka saye shi. A 1907 gadar Kibek ta ƙasar Kanada ta rufta ana cikin gina ta, ma'aikata 75 suka mutu, saboda an raina nauyin ƙarfen gadar kanta a lissafi. A watan Nuwamba na 1940 gadar Takoma a Amurka, wadda ta yi wata huɗu kacal da buɗewa, ta yi ta murɗewa cikin iska har ta karye. Daga nan aka shiga gwada samfurin manyan gadoji a cikin iska kafin a gina su. Kusan kowane layi a kundin yana da irin wannan tarihi a bayansa. Matashin injiniya da ya bi shi ya gaji hankalin dubban magabata ba tare da ya biya abin da suka biya ba.

A Najeriya kuwa hujjar masu kundin ta fi ƙarfi. Benayen da ke ruftawa a Legas da Abuja da Kano ba wata matsala mai zurfi ce ke kayar da su ba. An rage rodi, an cika yashi, an ɗora hawa a kan tushen da ba a yi shi don haka ba, ko kuma aikin gaba ɗaya yana hannun wanda ba shi da rajista da COREN, hukumar da aka kafa tun 1970 don tsare wannan sana'a. Maganin wannan shi ne bin doka da hukunta mai karya ta. Wanda ya ce karatun falsafar Kant ne zai hana ɗan kwangila satar siminti bai san 'yan kwangila ba. A ranakun aiki na yau da kullum, waɗanda su ne mafi yawa a rayuwar injiniya, kundi ne ke riƙe da rufin da ke kan mutane, falsafa kuwa ko sunanta ba a ambata.

Sai dai kundi kamar burtali yake: yana kai ka lafiya duk inda garke ya taɓa bi, amma yana ƙarewa a inda sawun ya ƙare. Aikin injiniya kuma, in dai na gaske ne, yakan kai shi inda babu sawu.

A 1977 aka kammala wani bene mai hawa 59 na bankin Citicorp a birnin New York. Ginin baƙon abu ne. Akwai coci a kusurwar filin da dole a bar mata wurinta, don haka injiniyan, William LeMessurier, ya ɗauke ginshiƙan ginin huɗu daga kusurwoyi ya dasa su a tsakiyar kowane gefe. Dokar gini ta birnin a lokacin tana bukatar a lissafa iskar da ke bugun fuskar gini kai tsaye, kuma ginin ya cika wannan sharaɗi. A 1978, bayan tambayar da ta fito daga wajen wani mai karatun jami'a, LeMessurier ya koma kan lissafinsa, ya duba iskar da ke zuwa ta kusurwa tana bugun fuska biyu lokaci guda. Ya kuma gano cewa a wurin aiki an sauya tsari: mahaɗan ƙarfen da aka tsara za a yi wa walda, da noti aka ɗaure su don rage kuɗi. Da ya haɗa biyun, lissafinsa ya nuna masa cewa guguwar da ake sa ran zuwanta sau ɗaya a shekara 16 za ta iya kayar da ginin idan wuta ta ɗauke wa na'urar da ke rage masa lilo.

A dubi matsayinsa da kyau. Babu dokar da ya karya, babu mai tuhumarsa, babu wanda ya san abin da ya sani. Da kundin kaɗai zai tambaya, da ya ce masa ya gama aikinsa. Ya tafi ya gaya wa masu ginin, yana sane da cewa sunansa da kamfaninsa na iya tafiya a kai. Aka yi watanni ana liƙa faranten ƙarfe da walda a kan mahaɗai sama da 200, da dare, bayan ma'aikatan ofis sun tashi. Abin da ya raba shi da mai bin kundi ido rufe shi ne ya san dokar an rubuta ta ne da gini mai ginshiƙi a kusurwa a zuciya, nasa kuwa ba haka yake ba. Ya bambanta “na cika sharaɗi” da “ginin ba zai faɗi ba”, kuma wannan bambancewa aikin falsafa ce tsantsa, ko da shi bai kira ta da wannan suna ba.

Labarin ma bai tsaya a yabo ba. Ba a gaya wa mazauna unguwar gaskiyar haɗarin ba, sai a 1995 wata mujalla ta fallasa shi. Ko daidai ne a ɓoye wa mutane cewa bene na iya faɗo musu, don gudun firgici? Har yau ana gardamar a azuzuwan ɗa'ar injiniya, kuma ni a ganina LeMessurier ya ci rabin jarrabawar ne kawai.

Wanda ya fi wannan bayyana amfanin manɗiƙi shi ne daren 27 ga Janairu, 1986. Washegari za a harba kumbon Challenger daga Florida, kuma an yi hasashen sanyi mai tsanani. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, masu ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, sun damu da wani zoben roba da ke toshe mahaɗin roka don kada wuta ta fito. Roba in ta sha sanyi takan ƙage, ba ta komawa mazauninta da sauri. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, tun watan Yulin 1985 ya rubuta gargaɗi a kai. A taron da aka yi ta waya a daren, suka ba da shawarar kada a harba idan zafin bai kai awo 12 na Salshiyos ba, wanda shi ne mafi sanyin da aka taɓa harbawa a cikinsa. Jami'an NASA suka ƙi gamsuwa. Hujjarsu ita ce an taɓa ganin zoben ya sami matsala a ranar sanyi, an kuma taɓa gani a ranar zafi, saboda haka ba a tabbatar sanyi ne sanadi ba. Manajojin Thiokol suka nemi a ba su 'yan mintoci su yi shawara a tsakaninsu. A nan ne wani babba ya ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Suka dawo kan waya suka amince. Da safe, zafin bai fi awo 2 ba, aka harba. Bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai.

Duk waɗanda ke kan wayar nan sun iya lissafi. Kurakuran da suka yi na tunani ne, irin waɗanda ake koyarwa a makonnin farko na darasin manɗiƙi. Sun zura ido a kan tafiye-tafiyen da zoben ya lalace, suka bar waɗanda bai lalace ba. Kwamitin bincike daga baya ya nuna cewa da an jera dukkan tafiye-tafiyen da suka gabata, da an ga duk wadda aka yi ƙasa da kimanin awo 18 ta sami matsala, alhali mafi yawan na zafi lafiya lau. Sannan an juya nauyin hujja ba tare da kowa ya lura ba: a da mai son harbawa ne zai tabbatar babu haɗari, a daren nan sai aka ce mai son dakatarwa ya tabbatar akwai. Rashin tabbatar da haɗari kuwa ba ya nufin an tabbatar da aminci. A ƙarƙashin duka kuma akwai wani tunani da ya daɗe yana cin hukumar, cewa tunda an yi tafiya 24 an dawo, to ta 25 ma za a dawo. Tun ƙarni na 18 David Hume ya nuna raunin irin wannan dogaro da abin da aka saba gani, Karl Popper kuma a ƙarni na 20 ya ce ra'ayi ana gwada shi ne da neman abin da zai rushe shi. Richard Feynman, masanin kimiyyar da ya zauna a kwamitin, ya tarar manajoji na cewa yiwuwar haɗari ɗaya ce cikin 100,000, injiniyoyinsu na cewa kusan ɗaya cikin 100. Shi ne ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban 'yan jarida, kowa ya ga ta ƙage.

Babu kundin da zai rubuta maka “kada ka bari a juya maka nauyin hujja da tsakar dare, shugabanka na kallonka”. Wannan sai wanda ya saba gane siffar hujja, ya san gurguwa ko da ta zo da lambobi da jadawali.

Akwai kuma wurin da kundin bai ma yi niyyar shiga ba, kuma shi ya fi kusa da mu. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. A ma'aunin injiniya aikin ya yi: bango ya tsaya, ruwa ya taru, yau fiye da shekara arba'in. Amma an tashi ƙauyuka, an karɓe gonaki ana daidaita su don noman rani, manoma suka yi damuna ba shuka, batun diyya ya cuɗe. Waɗanda ke ƙasan madatsar, masu noman shinkafa a fadama da ambaliyar shekara-shekara, suka wayi gari ruwan ya ragu, su kuma ko a lissafin diyyar ba su shiga ba. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da yawa, aka ƙona gidaje.

Ba injiniya ne ya harba bindiga ba, kuma ba shi kaɗai ya yanke shawarar gina madatsar ba. Amma shi ya zana iyakar abin da za a ƙirga. Lokacin da ya rubuta riba a shafi ɗaya, asara a ɗaya, ya bar manomin fadama a waje, ya riga ya yanke hukuncin adalci yana zaton lissafi yake yi. Haka aka sake gani a kwarin Haɗeja. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani a Kadawa, wannan alheri ne da ba mai musun sa. A can ƙasa kuwa, dausayin Haɗeja da Nguru ya tsuke, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ɗauki asarar. Madatsar Kafin Zaki a Bauchi ta shafe shekaru da dama ba a gama ta ba, kuma cikin abin da ya riƙe ta har da wannan gardama ta mutanen sama da na ƙasan kogi. Ɗaliban da ke aji yanzu su za a kira su sa hannu a kan irin waɗannan ayyuka.

Shin ribar mutum dubu tana halatta talauta mutum ɗari? Mabiya Jeremy Bentham za su ce a tara amfani a cire cuta, a bi abin da ya rinjaya. Kant zai ce ba a mayar da ɗan Adam tsani don wani ya hau. John Rawls, a littafinsa na 1971, ya ce a auna tsari da halin da ya bar mafi rauni a ciki. Malaman usulul fiƙhu irin su Shaɗibi sun yi dogon bayani a kan maslaha, da yadda ake auna amfanin jama'a da cutar ɗaiɗaiku, da fifita tsare rai a kan tsare dukiya. Ba sai ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya yi masa mubaya'a ba. Abin da ake so shi ne ya san cewa tebur ɗin riba da asara da aka koya masa a darasin tattalin arzikin injiniya ɗaya ne daga cikin waɗannan ra'ayoyi, yana da masu suka, kuma sukar tana da ƙarfi. Wanda bai san haka ba yana aiki da falsafar Bentham ne bai sani ba, kuma ya fi kowa haɗari, domin yana jin shi ba ya da ra'ayi.

A nan wani zai ɗaga hannu ya ce falsafa ai hanyar ɓata ce, malamai sun yi gargaɗi a kanta. Gaskiya ne Imam Gazali ya rubuta littafi guda yana rushe wasu ra'ayoyin masana falsafa a kan al'amuran Ubangiji. Amma da manɗiƙi ya rushe su, kuma shi da kansa ya wallafa littattafai a kan manɗiƙin, ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulu. A zaurukan ƙasar Hausa an daɗe ana karanta Sullam na Akhdari, wanda manɗiƙi ne zalla. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi rubuce-rubuce a fannin hikima a daular Sakkwato. Masu tarihi kuma sun kawo labarin Ibnul Haisam, wanda ya yi wa Halifa Hakim na Masar alkawarin sarrafa ambaliyar kogin Nilu, ya je wajen Aswan ya ga wurin da idonsa, ya dawo ya ce ba zai yiwu ba, duk da sanin halin sarkin. Shi ne mutumin da ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da masanin taurari Batlimus, wanda duniya ta ɗauki maganarsa yankakkiya ƙarnuka da yawa. Abin da ake nema wa ɗalibin injiniya ke nan, kuma ba baƙo ba ne a gidanmu.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce falsafa ba ta gyara hali. Martin Heidegger, ɗaya daga cikin manyan masana falsafar Jamus, wanda har ya yi rubutu a kan fasaha, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933. Injiniyoyin Volkswagen da suka rubuta manhajar yaudarar gwajin hayaƙi, abin da ya fallasu a 2015 kuma ya shafi motoci kusan miliyan 11, ba hujja ce ta rikice musu ba. Sun san abin da suke yi. Mai wayo ma yana iya ɗaukar falsafa ya wanke laifinsa da ita. Na yarda da wannan duka. Tsoron Allah da tarbiyyar gida da tsoron kotu su ke hana mutum cin amana. Abin da falsafa ke yi ya fi haka ƙanƙanta: tana hana mutumin kirki a yaudare shi, ko ya yaudari kansa. Yawancin waɗanda suka amince a harba Challenger ba miyagu ba ne.

Tana kuma ba shi harshe. Bayan wani bene mai hawa 21 a unguwar Ikoyi ta Legas ya rufta ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum sama da 40, jaridu sun buga wasiƙar da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta tun watan Fabrairun 2020 yana janye hannunsa daga aikin. Janyewar ta raba su da abin da ya biyo baya. Amma ɗalibi ya kamata ya zauna da tambayar da ta rage: idan ka ga haɗari, tsame hannunka ya isa, ko akwai haƙƙin leburan da za su ci gaba da kwana a ƙarƙashin ginin? Wa kake bin umarninsa, mai biyan ka ko mai shiga ginin? Wanda bai taɓa yin wannan gardama a aji ba, ranar da ta same shi a wurin aiki sai ya yi shiru, don bai san ta inda zai fara ba.

Ga masu neman riba ta zahiri ma akwai abin faɗa, a taƙaice. Claude Shannon ya fara haɗuwa da manɗiƙin George Boole ne a wani darasin falsafa a Jami'ar Michigan. A 1937, a kundin digirinsa na biyu a MIT, ya nuna cewa “gaskiya” da “ƙarya” na Boole za a iya gina su da makunnin lantarki. Kowace kwamfuta da wayar hannu a kan wannan take tsaye. Ban kawo shi don in ce kowane ɗalibi zai zama Shannon ba, sai don masu cewa darasin ba ya haifar da komai.

Idan aka tilasta mini zaɓen ɗaya, kundin zan ɗauka, domin injiniyan da ya iya gardama bai iya lissafin ginshiƙi ba makashi ne. Amma babu wanda ya tilasta wannan zaɓi. Digirin shekara biyar ne, kuma darasin yana cikin manhaja tuni. Yadda ake ba da shi ne ya kashe shi. Ana koyar da shi ga yaron da bai taɓa taka wurin aiki ba, da jerin sunayen Girkawa da tambayoyin zaɓi-ɗaya, ba tare da an ambaci gada ko madatsa ko sau ɗaya ba.

Kirana ga shugabannin tsangayoyi da hukumar jami'o'i ta NUC da COREN shi ne a ƙara wa ɗaliban injiniya wani darasin a ajin ƙarshe, bayan sun dawo daga horon aiki na SIWES sun ga yadda mai kwangila ke magana da injiniya. Malami biyu su riƙe shi, ɗaya na falsafa ɗaya na injiniya, a aji ƙarami. A ajiye musu takardun Challenger da tarihin Bakolori da wasiƙar Ikoyi a gabansu, jarrabawar kuma ta zama rubutu: ga halin da ake ciki, za ka sa hannu ko ba za ka sa ba, kawo hujjarka.